Juma'a Uku a Jakara

Ko da zan manta da komai na shekarun da na yi ina aikin ruwa, ba zan manta da ranar Litinin ɗin da na miƙa wa Baba Bulus takardar dakatarwa ba. Ni na rubuta rahoton da ya jawo takardar, ni na sa hannu, ni kuma aka aika in kai masa. Ku da kuka same ni da furfura kuna kirana Baba Ishaya mai ƙa'ida, ku ji inda ƙa'idar ta samo asali, don ba da ita aka haife ni ba.

Daminar 1999 ce, 'yan watanni bayan soja sun miƙa mulki ga farar hula. Ni ne sufabaiza mai kula da gyaran bututun cikin birni, tun daga Ƙofar Nassarawa har Jakara. Ina da difloma, ina da babur ɗin ofis, ina kuma da bakin da ya fi ilimina tsawo. A ƙarƙashina akwai heluma, wato shugaban masu gyara da leburori, shi ne Baba Bulus. A takarda ni ne ogansa. A bakin rami kuwa ko ɗan koyonsa ban kai ba.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, bututun cikin birni tsofaffi ne, wasu tun zamanin Turawa. An yi gini a kansu, an rushe, an sake yi. Lungu ya koma ɗaki, ɗaki ya koma lungu. Taswirar da ke ofis gara ta ci rabinta, sauran rabin kuma ƙarya take yi. Idan bututu ya tsage a ƙarƙashin ƙasa ba kullum ruwan ke fitowa sama ba, sai an saurara. Baba Bulus yana da sandar ƙarfe da wani maƙeri ya ƙera masa, tsayinta ya kai ƙirji, da kan katako kamar ƙaramin akushi. Sai ya kafa tsininta a ƙasa, ya ɗora kunne a kan katakon, ya rufe ido. In ya ce a tona nan, to a tona kawai, za a samu.

Mutumin wani ƙauye ne a kudancin Kano, Kirista, majami'armu ɗaya da shi a Sabon Gari. Saura masa wata takwas ya yi ritaya. Matarsa, Mama Rifkatu, ta shekara biyu a kwance, ɓarin jikinta ya shanye, 'ya'yansu mata biyu kuma suna aure a nesa. Kullum shi zai yi mata wanka, ya ba ta koko da cokali, ya bar ta a hannun maƙwabciya, sannan ya hau keke ya riga ni zuwa aiki. Na daɗe tare da shi kafin in san haka, domin fuskarsa ba ta ba da labari. Yana cikin rami, taɓo har gwiwa, yana rera waƙar sujada ƙasa-ƙasa yana tsokanar leburori. Ni kuwa ko tayar babur ce ta sace min, sai duk wanda ke ƙarƙashina ya ji a jikinsa.

A cikin watan Agusta ruwan famfo ya fara wari a wani lungu a Jakara. Yara suka kama amai da gudawa, aka kwashi da dama zuwa asibiti, wata yarinya 'yar shekara huɗu mai suna Hauwa ta rasu. Dalilin irin wannan sananne ne a aikinmu. Idan an ɗauke ruwa, bututun da ya tsage yakan zuƙi duk ƙazantar da ke kewaye da shi, in an dawo da ruwa sai ya kai wa mutane har randa. Na je na kulle bawul ɗin layin, unguwa ta koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa.

Lokacin soja, in irin haka ta faru shiru kake ji. Yanzu kowa ya samu baki. Sabon kansila ya zo ofis da tawagarsa, gidan rediyo ya aiko da tambaya. Wannan abu ne mai kyau, ban ce ba. Amma ofishin da bai saba amsa tambaya ba, in an matsa masa, suna yake nema ya miƙa. Injiniyan da ke samana ya kira ni.

"Ishaya, wa ya taɓa layin nan na ƙarshe?"

"Baba Bulus ne, ranka ya daɗe. Mako uku da suka wuce ya ɗaure wani haɗi a bakin lungun, dab da lambatu."

"To me kake jira? Rubuta. Ina son rahoton kafin a tashi."

Ƙa'ida ta ce a tona a gani kafin a rubuta. Ban tona ba. Na rubuta cewa bisa dukkan alamu haɗin ne ya saki. Hukuncin shi ne dakatarwa nan take, kwamiti kuma zai zauna bayan mako huɗu. In ya same shi da sakacin da ya jawo asarar rai, kora ce, babu fansho, babu sallamar girma, shekara talatin da huɗu sun tafi a banza, ga sunan wanda ya kashe yarinya ya bi shi gida.

Na same shi a sito yana shafa wa sifana mai. Ya karanta takardar har ƙarshe, leɓensa na motsi, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka. Sai ya ce, "Sauran yaran fa, sun samu sauƙi?" Na ce an sallami wasu. Ya ce, "Mun gode wa Ubangiji. Ka kulle bawul ɗin sosai? Na lungun nan yana da taurin kai, sai an ƙara masa rabin juyi." Ya ɗauki sandarsa, ya yi wa leburori sallama ɗaya bayan ɗaya, ya tura kekensa ya fita.

Rabin juyin nan ya hana ni sukuni. Ranar Laraba na ɗauki lebura biyu muka tona haɗin. A bushe yake ƙayau, ko tsatsa babu, an ɗaure shi kamar jiya aka yi. Na garzaya wajen Injiniya. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Rahoto ya riga ya hau sama. In ka ce ba shi ba ne, to ina tsagewar take? Ka nuna min ita, ko kuma ka rufe ramin ka rufe bakinka." Na rufe ramin, na kuma rufe bakina.

Ranar Lahadi bayan sujada na bi shi gida. Na tarar da shi a kan tabarma yana yanke wa Mama Rifkatu farce, yana ba ta labarin wa'azin da fasto ya yi, har da kwaikwayon muryar faston, tana dariya da rabin baki. Abin ya ba ni haushi, ban san dalili ba. Na gaya masa na tona haɗin lafiyarsa ƙalau. Ya ce ai ya sani. Sai na fara zuba. Na ce a gaya wa dattawan majami'a, a rubuta ƙorafi, a nuna wa duniya cewa don shi Kirista ne aka zaɓe shi aka ɗora masa.

Ya ajiye reza, ya dube ni. "Oga Ishaya," in ji shi, haka yake kirana in zai tsokane ni, "wanda ya rubuta rahoton nan ai ɗazu-ɗazu muka sha Jibin Ubangiji tare da shi a majami'a. Wanda kuma ya aiko min da kwanon tuwo daren jiya, Malam Sani direba ne, Musulmi. To ina ruwan addini a nan?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na durƙusa na ce ya yafe min. Ya ce, "Na yafe tun ranar Litinin, don in na riƙe ni zan kwana da nauyin. Kada ka ɗauka ban ji zafi ba, ɗana. Na ji. Na tambayi Ubangiji, na ce ga mara lafiya, ga tsufa, yanzu kuma wannan? Bai ba ni amsa ba tukuna. Amma Almasihu an ɗora masa abin da bai yi ba, bai zagi kowa ba, ni wane ne? Sunana yana hannunsa. Abin da ke hannuna shi ne, har yanzu akwai tsagewa a layin nan. Ran da aka gaji aka buɗe ruwa, wani yaron zai sha. Ruwa ba ya tsami banza."

Nan ya faɗa min dabararsa. Tsagewa ba ta jiwuwa sai ruwa na gudu a bututu, kuma sai wuri ya yi tsit. Jakara kuwa ba ta san tsit ba: ga injin markaɗe, ga maƙera, ga babura, ga hayaniyar kasuwar Kurmi. Da dare kwaɗin damina ke karɓar aiki, kuma babu mai barin baƙo ya shiga lungu. Lokaci ɗaya ne tak a mako da unguwar ke yin shiru, wato ranar Juma'a, idan maza sun rufe shaguna sun tafi masallaci, daga fara huɗuba zuwa sallamewa. "Ni da kai ba ma zuwa," in ji shi. "Ka ga amfaninmu. Kai ka buɗe bawul, ni in saurara."

Buɗe layin da aka kulle ba da izini ba laifi ne da zai iya cinye min aiki. Na ce to. Wannan ne karo na farko da na yi abin kirki a cikin maganar.

Amma ba a shiga lungun mutane maza ba sa nan sai da yardar mai unguwa, balle wanda ake zargi. Ranar Talata muka je zauren Malam Habibu, mai unguwar. Cikin waɗanda ke zaune akwai Malam Tasi'u baduku, mahaifin Hauwa. Da aka ce ga Bulus, ya miƙe tsaye. "Har kana da idon zuwa nan? Allah ya isa tsakanina da kai!" Na ja da baya ina duban ƙofa. Baba Bulus kuwa ya cire takalmi, ya tsuguna a gabansa ya ce, "Malam, yaya haƙuri? Allah ya jiƙan yarinya, ya ba ka dangana, ya raya sauran." Malam Tasi'u ya fice.

Mai unguwa ya saurari bayaninmu yana jan carbi. Ya ce, "Bulus, tun ina saurayi nake ganinka a ramukan unguwar nan. Mai laifi gudu yake, ba dawowa ba. Na ba ku izini." Ya sa aka bi gida-gida aka ce kada kowa ya taɓa famfo ran Juma'a. Ya kuma haɗa mu da yayarsa, Gwaggo Dije, tsohuwa mai kaifin harshe, ita za ta riƙa shiga gaba ta yi sallama, matan gida su shige ɗaki kafin mu sa ƙafa.

Juma'ar farko, ina buɗe bawul hadari ya haɗu, ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ƙarar kwanon rufi ta cika ko'ina. Muka tsaya a wani zaure muna kallon lokacinmu na wucewa. Na yi tsaki ya fi a ƙirga. Baba Bulus ya ce, "Manoma sun yi addu'a su ma, yau tasu aka amsa." Gwaggo Dije ta ce, "Kai wannan tsoho, ko wuta aka sa maka sai ka ce ɗumi ne."

Juma'a ta biyu sama ta yi garau. Baba Bulus ya bi lungun taku-taku, daga baki har ƙurya, ya kafa sanda ya fi sau hamsin. Babu komai. Layin da muka sani lafiyarsa ƙalau. Da muka ji hayaniyar masu dawowa daga masallaci na kulle bawul. Ranar ce kaɗai na ga ya zauna a kan dakali, ya haɗa kai da gwiwa. Na ɗauka ya karaya. Da na matso sai na ji addu'a yake. Ya ɗago ya ce wa Gwaggo Dije, "Gwaggo, da can kina yarinya, ina famfon unguwa yake?" Ta ce a wani fili ne can baya, inda yanzu gidaje uku suke. Ya ce, "To akwai tsohon reshe da ya tafi can, kuma ba a yanke shi ba. Mako mai zuwa cikin gidaje za mu shiga."

Juma'a ta uku ita ce ta ƙarshe, kwamiti ranar Litinin zai zauna. Gida na farko babu komai. Gida na biyu na Malam Tasi'u ne. Gwaggo Dije ta ɗan tsaya a ƙofa, sannan ta yi sallama ta shiga. Muka bi ta ba takalmi. Tsakar gidan a share, ga fatu a shanye a kan igiya, ga labulen ɗaki yana motsi, na san uwar yarinyar na bayansa. Baba Bulus ya kafa sanda kusa da murhu, ya matsa, ya sake kafawa, yana bin wani abu da ni ban gani ba, har ya kai kusurwar da aka kewaye da sabon ginin ƙasa. Masai ne. Ya ɗora kunne ya daɗe. Sai ya yafito ni ya ce in saurara. Na ji shi, siririn sauti kamar mai na soyuwa a kasko daga nesa.

Farin ciki ya kama ni har na kusa yin tsalle. Na ce, "Baba, ka fita! Masai aka haƙa a kan bututu, diga ta tsaga shi. Laifin mai gida ne!" Ya damƙe min hannu da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya nuna labulen da ido. "Rage murya," in ji shi. "Je ka kulle ruwan."

Kafin in dawo maza sun sauko daga masallaci. Malam Tasi'u ya shigo da darduma a kafaɗa, mai unguwa na biye da shi. Aka kira leburorina suka tona gefen ginin. Ga tsohon bututu, ga tsaga tsawon tafin hannu, ga sawun diga a jikinsa ƙarara, kamu ɗaya tsakaninsa da ramin masai. Malam Tasi'u ya tsaya yana kallo. Shi da kansa ya sa aka haƙa ramin da bazara, don tsohon ya cika. Darduma ta zame daga kafaɗarsa bai sani ba. Ya juyo wajen mutumin da ya yi wa Allah ya isa, ya ce, "Malam Bulus, ka gaya min gaskiya. Ni na kashe ta ke nan?"

Kalma ɗaya ta isa ta wanke Baba Bulus tas a gaban shaidu. Ni da nake tsaye, ita nake jira. Sai ya kama hannun mutumin da hannunsa mai taɓo ya ce, "A'a, Malam. Ka haƙa masai a gidanka don iyalinka, kamar yadda kowane uba zai yi. Bututun nan namu ne. Mu ya kamata mu san yana nan, mu yanke shi tun da daɗewa. Ni da na shekara talatin da huɗu ina bin ƙasar nan ban san da shi ba sai yau, ina kai? Kada ka ɗauki wannan kaya, ba naka ba ne." Malam Tasi'u ya durƙushe a nan yana kuka kamar yaro. Daga bayan labule ma muka ji kuka. Baba Bulus ya tsuguna kusa da shi, bai saki hannun ba har ya lafa.

A hanya na ce masa, "Baba, in ka maimaita wannan a gaban kwamiti, ai ka sake ba su wuyanka." Ya ce, "Ƙarya na yi?" Na ce a'a. Ya ce, "To."

Ranar Litinin ya maimaita ta kuwa, kalma da kalma. Na ga shugaban kwamiti ya fara rubuta hukunci. Na miƙe ba a kira ni ba, na ce haɗin da na zarga na tona shi lafiyarsa ƙalau, rahoton na rubuta shi ne ban tona ba, kuma ni na buɗe layin sau uku ba izini. Ina cikin magana masinja ya leƙo ya ce akwai mutanen Jakara a waje sun ƙi tafiya. Aka shigo da mai unguwa da Malam Tasi'u. Ba wanda ya gayyace su.

Malam Tasi'u bai zauna ba. Ya ce, "Ni ne uban yarinyar. Na yi wa mutumin nan Allah ya isa a gaban jama'a, ya amsa min da ta'aziyya. Ya zo gidana ya samu abin da zai wanke kansa da shi ya jefa ni, bai jefa ni ba. Na zo in janye maganata a inda za a rubuta. In kuka kore shi, ku gaya min wa zan amince wa da ruwan da sauran 'ya'yana za su sha."

Shugaban kwamiti ya soke abin da ya fara rubutawa.

An mayar da Baba Bulus bakin aiki a makon, ya ƙarasa wata bakwai ɗinsa, aka sallame shi da girma. Ni aka ba ni takardar gargaɗi, ƙarin girmana ya makara shekara biyu, kuma ban taɓa samun hukuncin da ya dace da ni kamar wannan ba.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu tasowa, shi ne aikinmu a ɓoye yake, a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ƙarya ke da sauƙi a cikinsa, kuma in an yi ta, a cikin 'ya'yan mutane take fitowa. Ku tona kafin ku rubuta sunan kowa. Game da bangaskiya kuwa, ni da nake ɗauka ita ce rera waƙa ran Lahadi da ɗaga murya in an taɓa mu, a tsakar gidan baduku na ga ainihinta. Na yi shekara ashirin bayan haka ina sa hannu a rahotanni, na ga gwanaye iri-iri, amma sau ɗaya tak na ga mutumin da ruwa ya kai masa wuya, aka miƙo masa igiya, ya duba ya ga a wuyan wani aka ɗaura ta, ya ƙi ja.